Da Soso da Sabulu Na Cuci 'Yata

Assalamu alaikum. A lokacin da abin nan ya fara, ni yarinya ce 'yar shekara ashirin da ɗoriya, 'yar gidan malamai a Sabon Birni, mai ji da kanta fiye da kima. A gidanmu tun kafin yaro ya iya haɗa baƙi ake koya masa tsarki, ni kuwa da na kama darasin sai na wuce gona da iri. Tsakar gidana sau uku nake share ta a yini, kwanukana sai ka duba fuskarka a jikinsu, ko ɗankwali ba na ɗaurawa sai ya sha turaren wuta. Matan unguwa suna yabon tsaftata, ni kuma ina ta hura hanci. Maigidana manomi ne ɗan Unguwar Lalle, da damina yana gonar gero da dawa, da rani ya hau mashin ɗinsa yana kabu-kabu tsakanin gari da ƙauyuka. Mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna, tana can ƙauye. A fuska ina girmama ta, har ƙasa nake durƙusawa in gaishe ta, amma a zuci tsohuwar ƙauye kawai nake gani, mai ƙaurin hayaƙin kara. Na faɗi wannan tun da wuri ne don ku san irin matar da ta tafka kuskuren da za ni ba ku labarinsa, yau da Allah ya sa nake iya faɗinsa ina dariya.

Haihuwata ta fari mace ce, ƙatuwa, mai kumatu. Ba ta cika wata huɗu ba kumatun nan suka fara bushewa suna yin borin fari, daga nan abin ya sauka wuya, ya shiga lanƙwasar hannu da bayan gwiwa. Yarinya ta riƙa goga fuska a ƙirjina, da ta yi wayo kuwa ta koma susa da farce har sai ta ga jini. Kowa ya zo da sunan da zai ba ciwon. Wannan ta ce kyasbi ne, waccan ta ce ƙazuwa, wata ta ce zafi ne na sha lokacin goyon ciki. Duk ban damu ba sai ranar wani suna, da wata mata ta leƙa bayana ta ce wa ta kusa da ita, da muryar da ta tabbata za ni ji, wai irin wannan ai rashin wanka ke kawo shi. Ni! Ni da ake misali da ni a unguwa! Ko tuwon sunan ban tsaya ci ba. Tun daga ranar na ɗaura yaƙi da jikin 'yata. Wanka sau uku a yini da ruwa mai zafi, soso sabo, jan sabulun nan mai warin asibiti, in ɗiga maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan, in dirje ta tana tsala ihu, in tsane ta in bule ta da hoda, sannan in sa mata rigar da na turara. Ina yi ina jin ni uwa ce ta gari.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai aka nuna mini wani mai kemis a bakin kasuwa. Mutumin bai ko ce in kwance goyon ya gani ba. Ya matse mayuka kala uku a cikin wata 'yar roba, ya juya da tsinke, ya ce in shafa safe da yamma. Wallahi kwana uku fatar ta kwanta lumus kamar ba ta taɓa yin komai ba. Na yi ta sa masa albarka. Roba na ƙarewa ciwo ya dawo, ya ma fi na da zafi, na koma ya sake haɗawa, ya ce wannan karon ya ƙara masa ƙarfi. Haka muka shiga zagayen da ba ya ƙarewa. Kowane haɗi ya fi na baya tsada. Akuyata ta tafi, kwanukan jerena suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya, har geron da maigida ya ajiye don damina sai da muka taɓa. A tsakani kuma ga masu jiƙo, ga masu turare, ga wata da ta sayar mini da garin da ta ce daga Nijar ya fito. Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne, da na ga wuraren da nake shafa haɗin suna yin haske, daɗi na ji, na ce ashe 'yar tawa fara ce.

Ana cikin haka lokacin yaye ya zo. Kamar yadda aka saba, kaka ce ke ɗaukar yaro ya yi 'yan kwanaki a wurinta har ya manta da nono. Inna ta zo a bayan mashin ɗin ɗanta. Na cika leda da soso da sabulu da hoda da robar haɗi, na zauna ina yi mata karatu dalla-dalla kamar ina koyar da 'yar aji ɗaya. Ita dai tana ta gyaɗa kai tana cewa awo, awo. Sati ɗaya aka shirya, amma ruwan sama ya ɓata hanya, yarinya ta yi sati uku. Ranar da Inna ta dawo da ita ban gane ta ba. Kumatu sun cika, wuya ya yi santsi, bayan gwiwar nan da kullum yake a tsage ya haɗe, sai ɗan duhu. Tana ta ƙyalƙyala dariya. Ledar da na bayar kuwa ta dawo yadda na ƙulle ta, ko kwance ta ba a yi ba. Mai hankali da a nan zai tsaya ya yi tambaya. Ni kuwa da na ɗauke ta, hancina ne ya riga hankalina aiki. Yarinya tana ta warin man kaɗe, tun daga kai har tafin ƙafa tana maiƙo. Raina ya ɓaci, na ce wato sati uku 'yata ba ta ga sabulu ba. Ƙurar mashin ɗin da ya mayar da Inna ba ta kwanta ba na ɗora ruwa a wuta.

Kwana biyar ciwo ya dawo. Kun san abin da na ce? Na ce man tsohuwar nan ne ya toshe mata fata, dattin da ya taru a ƙauye ne yake fitowa yanzu. Maigida ya ce mini, a hankali kamar yadda ya saba, shi dai ya ga ɗiyar ta fi lafiya a can, ko za mu tambayi Inna mi ta yi mata. Na taso masa, na ce shi da ya tashi cikin awaki me ya sani game da renon fata. Ya ɗauki makullin mashin ya fita. Wannan maganar har yau in na tuna ta sai na nemi gafarar Allah. Daga nan na hana yarinya kwana a ƙauye, in an je gaisuwa a ranar ake dawowa. Shekara uku muka ƙara a haka, ita tana susa, ni ina dirza, mai kemis yana haɗawa. Ba ta samun barcin kirki, ba ta ƙiba, ga saurin fushi, ni kuma ina cewa halin dangin ubanta ne.

Da ta kai shekara biyar aka sa ta makarantar allo ta mahaifina. Ba a yi sati ba iyayen yara suka fara ƙorafi, wai kada ta shafa wa 'ya'yansu. Mahaifina mutum ne mai gudun fitina, sai ya shimfiɗa mata 'yar tabarma ita kaɗai a gefensa, ya ce mata wurin manya ne. Yarinya ba ta yarda ba. Ta dawo gida ta ajiye allo ta tambaye ni ko ita ƙazama ce, don yara sun ce kada a ci abinci kwano ɗaya da ita. Ni kuwa sai na ƙara mata wanka na huɗu. Cikin watan nan fatar hannunta, wadda haɗin ya riga ya cinye ta yi siriri har ana ganin jijiya, ta fashe ta fara ruwa, ruwan ya zama mugunya, zazzaɓi ya rufe ta. A nan ne idona ya buɗe na ga cewa 'yar nan tana iya kuɓuce mini. Maigida ya ce shi ya gaji, gobe za shi sayar da mashin mu kai ta babban asibiti a Sakkwato. Mashin ɗin nan shi ne cinmu da rani. Na san haka, shi ma ya sani. Har ya yi magana da mai saye, sai wani abokinsa ya ce mu fara biyawa ta ƙaramin asibitin unguwa mu karɓi takardar turawa, don kada mu je can a dawo da mu.

Asibitin nan kullum ina wuce shi, ban taɓa kai ta ba in ba rigakafi ba, don a ganina wurin awon ciki ne da maganin zazzaɓi. Muka tarar da wata malamar asibiti, dattijuwa mai tabarau, mai son raha. Ta zaunar da yarinyar a cinyarta, ta juya hannuwan, ta duba bayan gwiwa da wuya, ta karɓi robar haɗin ta sansana ta ajiye can nesa da ita. Sai ta ce in gaya mata yadda nake yi wa ɗiyar wanka. Nan fa na gyara zama. Na zayyana mata komai da alfahari, ruwan zafi, soso, jan sabulu, hoda, turare, har na huɗun da na ƙara ban ɓoye ba, ina jiran ta yaba. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce ko tukunya aka yi wa wannan dirza ai sai ta huje. Maigida ya sunkuyar da kai, na ga kafaɗunsa suna rawa yana danne dariya. Ta ce ciwon nan a asibiti ekzima suke ce masa, ba kyasbin da muka sani ba ne, ba ƙazuwa ba ce, ba ya yaɗuwa, kuma ba ƙazanta ke kawo shi ba. Fata ce da aka haifa ba ta iya riƙe laima, ni kuma ɗan abin da ya rage mata nake wankewa sau huɗu a yini. Haɗin kemis kuwa, ta ce akwai magani mai ƙarfi a ciki wanda ba a shafa wa yaro shekara da shekaru, shi ya cinye mata fata.

Sai ta yi tambayar da ta gama da ni. Ta ce tun da aka haife ta, an taɓa yin wani lokaci da ciwon ya lafa ba tare da haɗin ba? Na ɗaga kai ina kallon silin. Maigida ya yi gyaran murya ya ce awo, an yi, lokacin yaye, a hannun tsohuwarsa. Ta tambaye shi abin da tsohuwar ta yi, ya ce shi dai ya ga tana watsa mata ruwa mai ɗumi sau ɗaya, babu soso, tana fitowa da jiƙarta ta mulke ta da man kaɗe, da rana ma in ta ga ta bushe ta ƙara. Malamar ta tafa hannu ta ce to ai likitar tana gida, mu muka baro ta. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban gama farfaɗowa ba ta tambaya ko a dangi akwai mai asma ko yawan atishawa, don ciwon yana bin jini. Har na buɗe baki za ni ce sai dai a can ƙauye, sai na tuna mahaifina, wanda in ana sussukar gero a maƙwabta sai ya bar gida saboda numfashi. Ashe abin da na shekara biyar ina ɗora wa dangin miji, daga gidanmu na taho da shi.

Malamar ta rubuta maganin sha na kwanaki saboda mugunyar da zazzaɓin, da wani ɗan mai guda a bututu wanda ta ce a shafa kaɗan a inda ya yi tsanani, na 'yan kwanaki kawai, ta kuma nuna mini yadda za a janye haɗin sannu a hankali. Sauran duk hani ne da umarni. A jefar da soso, a bar jan sabulu da hoda, kada turare ya ƙara taɓa kayanta, a sa mata tufafin auduga, a yanke farce, wanka sau ɗaya a gaggauce, mai kuwa ko man kaɗe ko basilin marar ƙamshi, a shafa kamar ba a san zafin kuɗinsa ba. Ta gaya mini gaskiya cewa ba warkewa yake yi tashi ɗaya ba, lallaɓa shi ake yi, wani yana raguwa in yaro ya girma, wani yana raka mutum. Ta ce mu dawo bayan sati, in bai yi sauƙi ba ita da kanta za ta ba mu takardar Sakkwato. Ku ji halin ɗan Adam, da na ga abin da muka biya bai kai kuɗin haɗi guda ba, sai na ji kamar an raina ciwon 'yata. Maigida kuwa da muka fito ya shafa tankin mashin ɗinsa ya ce da shi ya kwantar da hankali, ba inda za shi.

Sati bai cika ba zazzaɓi ya sauka, ruwan ya tsaya. Sati na biyu na wayi gari na ga zanen gadonta babu ɗigon jini ko ɗaya, na tsaya riƙe da shi ina kuka ina dariya. Ranar Juma'a na ce wa maigida ya kai ni Unguwar Lalle. Na sayi goro da turmin atamfa, na tsara jawabin ban haƙuri tun daga gida. Muka tarar da Inna tana tsince wake a inuwa. Na durƙusa na fara, ban kai rabi ba kuka ya ƙwace mini. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce ita fa ba ta san ta yi wani magani ba. Ta ga fatar ɗiyar ta bushe kamar gona da rani, ita kuwa abin da ya bushe mai ta sani a ba shi. Ledar da na ba ta ma, ta ce ba raini ya hana ta buɗewa ba, karatun nawa ne ya yi mata yawa, kafin su kai gida ta manta wanne ake fara shafawa. Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba duk shekarun nan. Ta ce ƙaƙa za ta koya wa ɗiyar malamai wanka? Muka fashe da dariya har maƙwabta suka leƙo. Ranar na ci tuwon dawarta da miyar kuka na ƙara, kuma da za mu taho na bar mata jikarta ta yi mata kwana uku.

Malamar asibitin ta rubuta 'yar takarda cewa ciwon ba ya yaɗuwa, mahaifina ya karanta wa iyayen yara, ya naɗe 'yar tabarmar nan da hannunsa. Ranar da 'yata ta dawo tana ba ni labarin wai su huɗu suka ci ɗanwake a kwano ɗaya har aka yi faɗa a kan na ƙarshe, ban taɓa jin labarin faɗa mai daɗin wannan ba. Yanzu shekarunta goma sha uku, ta yi tsawo ta kusa kamo ni, ga surutu, bara ta sauke Alƙur'ani. Ba za ni ce muku ciwon ya tafi ba. In sanyi ya shigo ko ana sussuka yakan motsa, wani lokaci har da ɗan tari, sai mu koma asibitin nan a duba ta. Mai kuwa ya zama kamar gishiri a gidanmu, ba a bari ya yanke, kuma shi ma kuɗi ne, duk wata sai an saya. Amma kashewa ce da muka san iyakarta, ba irin ta da ba mai cinye akuya ta dawo neman kwano. Ita da kanta take kula da jikinta yanzu, ta san abin da ke tayar mata da shi fiye da ni.

Kwanan baya tana shafa mai ta nuna mini wasu farare-fararen tabo a hannunta, inda fatar ta yi siriri ba ta koma daidai ba, ta ce Umma, wannan ciwon ya yi mini ɓarna. Da na yi shiru da ta tafi a haka. Amma na zaunar da ita na ce mata ba ciwon ba ne, ni ce, na ba ta labarin nan duka yadda na ba ku. Ta saurara har ƙarshe, ta yi dariyar wanka huɗu har da riƙe ciki, sannan ta ce ai don ina son ta ne na yi, ta yafe. Na ji daɗi ƙwarai, amma na san yafiya ba ta goge tabo.

Shi ya sa na ɗauki alƙalami. 'Yan'uwana mata, in fatar ɗanku ta bushe tana ƙaiƙayi tana dawowa, kada maganar wata a gidan biki ta sa ku huce a jikinsa. Ba kowane ciwon fata ne datti ba. Kada ku shafa wa yaro abin da aka haɗa a roba babu suna, komai saurin aikinsa, don saurin nan shi ne tarkon. Ku fara da ƙaramin asibitin da ke kusa da ku tun abin bai ci dukiya ba, ku faɗi gaskiyar abin da kuke yi a gida, ku kuma yarda cewa wani ciwon haƙuri da kulawar kullum yake so. Sannan ku rage raina mutane. Ni ilimi bai yi mini ƙaranci ba, kuɗi ma mun kashe har da wanda ba mu da shi. Tambaya guda ce na ƙi yi wa surukata don ina ganin na fi ta, kuma ba ni na biya kuɗin wannan girman kan ba, yarinya ce 'yar shekara biyu ta biya da fatarta.